Ba Zan Rufa Wa Mamuda Asiri Ba

Roni, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Dunoma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kana lafiya kai da Anti Asma'u da yara, da kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Allah ya tsare ka a wajen nema, ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna garin Gwiwa a bayan babur, ƙaninmu Kyari kuma yana ta sharar gona kafin ruwa ya sauka.

Yaya, saƙonka ya iso ni, cewa in rufa wa Mamuda asiri gaban kwamitin makaranta ran Litinin, tunda ƙanin matarka ne kuma kai ka sama masa aikin. Ina jin rabin labarin ya ba ka. Shekara uku ina riƙe da ɗakin kwamfuta na makarantar 'yan matan nan, kwamfuta goma sha huɗu, ba wadda ta taɓa ko tari. Dokata ɗaya ce: ba filas ko memorin da zai shiga jikinsu sai na fara duba shi a tsohuwar kwamfutar da na ware a bakin ƙofa. Duk Asabar kuma nakan shiga Kazaure in sauko da sabuntawar manhajar kariya, don sabis ɗinmu na nan sai a hankali. Sai ga Mamuda an kawo mini a matsayin mataimaki, da jaka a rataye da tabarau, wai shi Injiniya. Injiniyan da iyakar karatunsa tura finafinai a wayoyin mutane a tashar Babura!

Ashe sana'ar ya biyo mu da ita. Ya yanka makullin ɗakin, duk ƙarshen mako sai ya kwaso memorin samarin gari a leda ya zauna yana yi musu turi. Da manhajar kariyar ta fara kama ƙazantar da ke ciki, sai gwanin ya kashe ta a kwamfutocin gaba ɗaya, wai tana ɓata masa lokaci. Bairos ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya cinye tambayoyin gwaji da na shekara ina tarawa, yanzu tara ko tashi ba sa yi, sauran biyar ɗin ma ba sa aikin kirki. Da shugabar makaranta ta tambaye shi, ko kunya babu ya ce zafi ne ya lalata su, ya ƙara da cewa dama aikin inji ba na mata ba ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Wallahi ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba.

Saura kwana goma sha biyu jarrabawar shiga jami'a, kuma a kwamfuta ake yin ta. Ɗalibai arba'in da ɗaya gare ni, yawancinsu daga ƙauye, yanzu layi suke bi a kan tawa ta hannu, kowacce minti biyar. Cikinsu har da 'yarka Ummu Salma, wadda ka bar mini amana. Jiya bayan la'asar na same ta a zaure ta zana madannan kwamfuta a kan kwalin taliya, tana dannawa da yatsa don kada hannunta ya manta. Ta roƙe ni kada in faɗa maka, wai kada ka ji haushin kawunta.

Ban taɓa musa maka ba, Yaya, amma wannan karon ka gafarce ni. Ran Litinin zan ajiye ledar memorin da makullin da ya yanka, waɗanda na ƙwace a hannunsa, a gaban kwamiti, in faɗi abin da na sani. In Anti ta yi fushi, ka nuna mata hoton kwalin, na tura maka a waya.

Inna tana gaishe ku, haka Kyari da Ya Kura. A shafa mini kan Muhsin da Musaddiƙ. Ummu Salma ta ce ka sa ta a addu'a.

Ƙanwarka,
Halimatussa'adiyya