Ƙofar Ɗakin Rafiu

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Atikatu, mai kula mini da gidan haya na Yendi, ta buga waya. Wai kwana uku ke nan wata mace tana kwana a ɗakin Rafiu tela. Rafiu ba shi da aure. Gidan da marigayi mijina Alhaji ya gina da guminsa! Na ce ta kira kafinta ya cire ƙofar ɗakin. Haka ake yi tun ina yarinya a nan Salaga: in aka ɗauke ƙofa, mai kunya ya san hanya.

Alhamis, 9 ga Mayu
An cire. Alhamdu lillahi.

Asabar, 11 ga Mayu
Na'imatu ta kira daga Bawku. Tun da ta fara aiki a ofishin lauya ba ta barin uwarta ta gama magana. "Mma, kin cire me? Ba a korar ɗan haya sai da takarda da kotu." Na ce gidana ne. Ta ce, "Gidanki ne, amma ɗakin nasa ne har kuɗinsa su ƙare." Na ce ba don ta koya mini tarbiyya na kai ta makaranta ba. Na kashe wayar.

Talata, 14 ga Mayu
Sammaci daga ofishin haya. Ni, da shekaruna. Idan maganar ta wuce kotu, duk zango zai ji. Ban iya cin tuwo ba.

Litinin, 20 ga Mayu
Yendi. Na'imatu ta yi sammako daga Bawku, ta riga ni isa, ban ma roƙe ta ba. Allah ya yi mata albarka, ko da bakinta ya yi yawa.

Ma'aikacin ya tambayi yarjejeniyar haya. Babu. Da baki muka yi, aka raba goro. Ya tambayi kuɗin shekara nawa na karɓa gaba. Na ce biyu, kamar kowa. Ya ce doka wata shida ta sani. Ya tambaya ko ina biyan harajin haya. Na ce ina fitar da zakka kowace shekara. Ya ce, "Hajiya, waccan ta Allah ce. Wannan na gwamnati ne." Har Na'imatu ta rufe baki da gyale. Na ga dariyar.

Sai aka shigo da matar. Alimatu sunanta, yayar Rafiu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga ƙauye ta zo asibiti, ƙafarta a kumbure kamar turmi. Kwana goma sha ɗaya tana kwance bayan zanen da aka rataya a madadin ƙofa, ruwan sama na feso ta. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni. Gara da ta zage ni.

Aka tambayi Rafiu ko yana so a tura kotu. Ya ce, "A'a. Hajiya sa'ar uwata ce. Ƙofata kawai nake so, sauro ya gama da mu."

Laraba, 22 ga Mayu
An mayar da ƙofa. Na sa kafintan ya ƙara sabuwar sakata. Na kai wa Alimatu doya da ƙwai. Duba marar lafiya sunna ne, ba wani abu ba.

Na'imatu ta kai ni ofishin haraji, ta cike takardu. Ba su ci mini mutunci ba. Na gode Allah da ya ba ni 'ya mai ido a takarda. Ban faɗa mata ba, kanta zai kumbura.

Juma'a, 24 ga Mayu
Na'imatu ta rubuta yarjejeniya ga duk 'yan haya. Na ce ta sa: ba baƙuwa mace bayan magariba, ba kiɗa, a tashi sallar asuba. Ta rubuta, ta ajiye biro ta ce, "Mma, gida kike bayarwa ko makarantar kwana?"

Na ce ta kawo in gani. Na karanta sau biyu. Layin baƙuwar ya cika tsawo, yana ɓata shafin. Da hannuna na soke shi.