Na Kira Mahaifina Lebura

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin zagina, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mai zanen gine-gine ne a ƙaramar hukuma, nan Gusau. Bara aka ce mu fito da zanen gidaje masu sauƙin kuɗi don ƙananan ma'aikata, waɗanda ba sai an sa fanka ba. Na yi wata guda ina ɓata takarda, ƙarshe na hau mota zuwa Bungudu wurin mahaifina, wanda magini ne tun kafin a haife ni. A ƙasa ya zana mini komai da tsinke: katangar ƙasa mai kauri, rufin soro mai tsawo, tagogi biyu suna kallon juna. Ya ce, "Ka bar ma iska hanya, ɗaki shi yi numfashi." Na kwafe, na sa sunana, injiniyanmu ya yaba mini gaban kowa.

Ranar da aka fara gini sai ga Baba a kan kekensa, rigarsa duk jar ƙasa, ya zo ganin aikin ɗansa. Injiniya ya tambaye ni wane ne wannan. Malam Edita, na ce lebura ne daga ƙauye. Yana tsaye kusa da ni. Me ya shiga kaina? Kunyar me nake ji? Baba ya russuna ya gaida injiniya, ya juyo ya ce da ni, "Sannu da aiki, ranka shi daɗe." Ya ja kekensa ya tafi.

Wata bakwai ke nan. In na je gida yakan amsa gaisuwata, ya sa a kawo mini fura, amma bai ƙara yi mini maganar gini ba. Inna ta ce ya ba maƙwabcinmu kayan aikinsa, ita ma ba ta san dalili ba. Kenan ko ita bai gaya wa ba.

Gidajen sun kammala, da azahar ma ɗakunan sanyi ƙalau. Wata mai zuwa za a buɗe su, an ce ni zan yi bayani. In na faɗi gaskiya, ofis za su san ƙarya biyu na yi. In na yi shiru, da wane ido zan dubi tsohon nan? Sau uku ina durƙusawa gabansa, bakina ya ƙi buɗuwa.

Me zan yi?