Ƙarar Birkin Da Ka Kashe

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya aikin gareji? Ina fata ciwon bayanka ya yi sauƙi.

"Yaya, kar ki bari kowa ya taɓa birkin motar da ke ɗaukar Inna. Ina raye, kuma ina bakanike?" Maganarka ce, a ƙofar gidana, hannunka a ƙirji. Na sayi sababbin takalman birki kamar yadda ka ce, har kwalinsu ya fara tsufa a kan kujerar baya. Motar kuwa da na taka birki sai ta ɗauki tsuwa. Maigadin asibiti ya daina leƙowa, da kunne yake gane ni ya buɗe ƙofa. Inna kuwa salati kawai take ƙarawa.

Tunda waya ta zame maka abin ado, ga takarda. Zan bar motar a garejinka, makulli yana wurin matarka. Na gaji, Auta. Ka taimaka.

Ka gaida yara.

Yayarka.

Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku, don haka aka koya mana ko da rai a ɓace.

Ranar da ka dawo da motar shiru, har albarka na sa maka. Bayan 'yan makonni sitiyari ya fara rawa a hannuna, birki yana gurnani kamar ana niƙa dutse. Ran Alhamis, a gangarar asibiti, na taka har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiyarta. Da ƙyar muka tsaya, taƙi ɗaya tsakaninmu da bayan tankar ruwa. Inna ta bugi goshi, tabaranta ya karye. Tana share jini tana ce mini laifin hanya ne, ai Autanta ya gyara birki.

Jiya taya ta sace. Da mai faci ya ɗaga safaya, sai ga kwalina a ƙarƙashinta, ko buɗe shi ba a yi ba. Na sa ya kwance tayar gaba, na durƙusa da littafin motar a hannu. Ni da na karantar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru, hoto ɗaya ba zai gagare ni ba. Littafin ya ce a jikin takalmin birki akwai ɗan ƙarfe siriri, aikinsa ya gogi faifan birki ya yi tsuwa in takalmin ya cinye, don mai mota ya farga. Naka aikin na gani: an lanƙwashe ɗan ƙarfen baya, ga shatin filaya. Takalmin ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe, faifan duk ya yi kunya-kunya kamar gona.

Da sata ka yi, da na san sunan da zan kira abin. Ƙyuya ce kawai. Motar tana ihun neman ɗauki, ka toshe mata baki, ka miƙo mini makulli kana murmushi.

Na goya ka, na rufa maka asiri a makaranta, na rufa maka a wurin Baba har ya bar duniya. Bayana ya gaji.

Inna za ta koma ganin likita ran Alhamis mai zuwa. Kafin azahar ɗin Laraba ina son takalma da faifai sababbi, na tayoyin gaba biyu, a gabana, ina zaune a kan benci ina kallo. In azahar ta wuce, zan sa a ja motar zuwa rumfar da ke manne da taka, wurin mutumin da ba kwa ga maciji, da rana tsaka, masu kawo maka aiki suna kallo. Duk wanda ya tambaye ni dalili zan faɗa masa. Daga can kuma wurin Inna zan wuce, in ajiye mata ɗan ƙarfen a tafin hannu.

Ka gaida matarka, ita ba ruwanta.

Yayarka.