Aikin Gizo a Dajin Runka

Zuwa ga ɗana Haisam,

Assalamu alaikum. Yaya Safana, yaya jikin Babanku? Ni lafiya nake a Fatakwal, ƙafar ma da sauƙi, sai in na daɗe tsaye a aji.

Da ka ce ka samu aikin gizo, na ɗauka yanar gizo ce, har ina faɗa wa mutane. Ashe gizo-gizo kake kamawa a kwalba, wai wani malamin jami'a yana tantance ire-irensu. Ka ga takardarsa da idonka? Mai yawo bakin dajin Runka yana ɗaukar hoto, sunansa infoman 'yan bindiga, ba wanda zai tsaya duba kwalbarsa. Ka kai malamin gaban mai gari. In ya ƙi zuwa, to shi ne Gizon.

Allah ya tsare ka.

Mahaifiyarka,
Asama'u