Kanular da na ce kada kowa ya taɓa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Litinin, domin kwana huɗu ke nan abinci ba ya min daɗi.

Ni nas ce, shekarata goma sha tara ina aiki, kuma ba yabon kai ba, Sau-Ɗaya ake kirana a asibitinmu. Duk jijiyar da ta ɓuya, ta jariri ce ko ta tsoho, ni ake nema in sa kanula, wato ɗan siririn bututun robar nan da ake bari a jijiya don ƙarin ruwa da allurai. Likitoci ma in sun huda sau uku gumi ya keto musu, sai su fara tambaya ko ina kusa.

Wata uku da suka wuce aka kawo mana wata sabuwar nas, tana cikin watannin gwaji. 'Yar Biro muke ce mata, saboda ko filasta ta liƙa sai ta rubuta kwanan wata da lokaci a kai. Sai ta wanke hannu, ta goge bakin kanula, ta tsaya tana jira ya bushe, majinyata goma na jiranta. Jijiya kuwa, ko ta ƙaton namiji ce sai ta yi ta lalube kamar mai neman ɗan kunne a ƙarƙashin gado. Amma fa akwai iyayi.

Ana nan sai aka kwantar da mahaifiyarmu, Inna, da ciwon huhu, a ɗakin mata da nake shugabanta. Mutum uku suka gwada sa mata kanula suka kasa, tsohuwa har da hawaye. Na zo na kama bayan hannunta na hagu, sau ɗaya ta shiga. Da yake Inna ba ta zama wuri guda, sai na bi filastar da bandeji, na naɗe tun daga yatsu har wuyan hannu. Ban rubuta kwanan wata ba, ai uwata ce, ranar tana kaina. Na kuma tara 'yan aikin na ce musu, "Wannan kanular tawa ce. Duk wadda ta taɓa ta, ni da ita ne."

Washegari aka tura ni taron ƙara wa juna sani na kwana huɗu. Ashe tun rana ta uku Inna take cije baki in ana tura magani. Da aka tambaye ta sai ta ce babu komai, 'yarta ce ta sa, kuma ba ta son a sake huda ta. Su kuma suka ce a jira in dawo. Rana ta biyar da safe 'Yar Biro ta karɓi aiki, ta ji hannun da zafi, ko waya ba ta yi min ba ta ɗauko almakashi ta yanke bandejin. Wai wurin ya yi ja ya kumbura, jijiyar ta yi tauri kamar igiya, har da ɗan mugunya a bakin. Ta cire, ta kira likita, ta zauna ta zuba komai a fayil, har da cewa babu kwanan wata a jiki. Ki ji fa, a fayil ɗin uwata! Sannan gwanar ta gwada ɗaya hannun sau biyu ta kasa, sai da aka kira mai sa barci daga ɗakin tiyata. Inna ta yi kwana biyu tana zazzaɓi, aka ƙara mata mako guda a gado. Yanzu dai da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ga inda gizo yake saƙar. Yayanmu ya shigo daidai lokacin da yarinyar take tsaye da almakashi ga hannu a kumbure, shi ke nan ya yanke cewa ita ta ɓata aikin ƙanwarsa. Ya rubuta takardar ƙorafi, ranar Litinin za a zauna, kuma ni yake so in ba da shaida. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. A gidanmu ni ce likita, ko ciwon kai aka yi sai an kira ni. Da wane baki zan ce ni ce? Fom ɗin da za a tabbatar mata da aiki ma yana cikin durowata, sa hannuna yake jira. Ita kuwa kullum sai ta gaishe ni fuskarta fes, ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da na ga hannun Inna sai da na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa na yi kuka. Amma Anti, wannan ba raini ba ne? In na yi shiru kawai na bar takardar Yaya ta yi aikinta, ina da laifi?

Taki,
Sau-Ɗaya

*

Sau-Ɗaya, sannu da jinya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman rainin, ban same shi ba. Abin da na gani shi ne wata babbar ma'aikaciya ta kafa doka a kan hannun majinyaciya kamar filin gado, ta ɗauki jaka ta tafi taro. Ba ki faɗa min taron na mene ne ba, ni ma na ji tsoron tambaya.

Zan ba ki haƙƙinki. Hannunki baiwa ce, kuma tausayin Inna ne ya sa kika naɗe wurin don kada a sake huda ta. Yarinyar ma da ta buga miki waya bayan ta gama, da ta kyauta. Sauran da suka ga tsohuwa na cije baki suka ce a jira ki, su ma suna da nasu kason, sai dai ki tambayi kanki wa ya koya musu tsoronki fiye da tsoron kumburi.

Ni ba nas ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin ƙanwata da ke koyar da aikin jinya. Ba ta ko gama karantawa ba ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce sa kanula aikin minti biyu ne, kula da ita ne aikin kullum. Ana rufe ta da abin da ido zai ga fata, a rubuta ranar da aka sa, duk wadda ta karɓi aiki ta duba wurin ta taɓa, ta tambayi mai hannun ko yana zafi. Da an ga ja, ko kumburi, ko ciwo in ana tura magani, cirewa ake yi nan take, ba a neman izinin wadda ta sa. Ta ce duk wannan kin san shi tun yarinyar tana firamare. Kwanan watan da kika ajiye a kanki kuwa, da shi kika tafi taron.

Kina yi wa yarinyar dariya don ta huda sau biyu ta kasa. To ta kasa, ta tsaya, ta kira wanda ya fi ta. Ni dai in an kwantar da ni, ita nake so a bakin gadona.

Shirun da kike tambaya a kai ƙarya ce, kuma zai raba yarinyar nan, baiwar Allah, da aikinta. Kada ki jira Litinin. Ki je wurin Yaya yau, ki ce masa ke kika naɗe hannun, ke kika hana a taɓa, yarinyar da ya gani da almakashi gyara ta zo yi. Zai yi faɗa, 'yan gidanku za su yi gulmar mako biyu, sannan wani ya tashi da ciwon kai a sake kiran ki. Ki sa ya janye takardar. In an zauna duk da haka, ki maimaita maganar a gaban shugabanninki da bakinki, kafin a karanto miki ita daga fayil. Ki cike fom ɗinta bisa gaskiya, ki tara 'yan ɗakinki ki soke dokar nan a gabansu. Daga nan ki ja yarinyar a jiki ki koya mata neman jijiya, ke kuma ki sayi biro.

Kukan da kika yi a ɗakin magani shi ya sa ban fid da rai da ke ba. Haƙurin da kike jira ta ba ki, ke za ki ba ta. Ranar da Inna ta ɗaga hannun nan na hagu tana sa miki albarka, ki tuna wadda ta yanke bandejin.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar buga ƙofar Yaya.

Anti