Na Haƙa wa Ƙauyenmu Rijiyar Ƙarya a Fesbuk

Assalamu alaikum Admin, gaisuwa gare ka da masu bibiyar shafin nan. A ɓoye sunana, kuma don Allah kar a zage ni, na riga kowa tsanar kaina.

Ina cajin waya a kasuwar Illela, amma a ɓoye ni sojan baka ne na wani ɗan siyasa. Ina da shafukan bogi a Fesbuk, wani da sunan mace, wani da sunan malami, in yabi Honorabul da wannan, in yi wa kaina kabbara da wancan. Akwai ƙazamar sana'a irin wannan? Rannan yaronsa ya ce ana son hoton aiki, ga shi babu aikin. Sai na tsallaka Konni ta Nijar na ɗauko hoton wata rijiyar burtsatse mai sola, na yanke allon Faransancin da ke jikinta, na rubuta cewa Honorabul ne ya haƙa wa ƙauyenmu da ke wajen Tozai. Hoton ya zagaye Wasaf ana ta sa albarka, ni kuwa aka sallame ni da data.

Ashe wata ƙungiyar agaji ta riga ta sa ƙauyenmu cikin waɗanda za ta haƙa wa rijiya. Da suka ga hoton sai suka ce ai mun samu, suka kai tamu wani gari. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa ba ni na faɗa ciki ba, mahaifiyata ce.

Da na je gida na tarar Inna ta dawo daga ɗebo ruwa, ta sauke jarka tana dafe da ƙugu. Ta ce, "Kai da ka san waya, mi munka yi ma wanda yab buga hotonga? Ko ɗan wace na, ban yahe ba. Allah shi saka muna." Ta dube ni tana jira. Wallahi na ce amin.

Yanzu ko wayar na taɓa sai in ji ƙyama. In na fito na tona, yaran Honorabul sun san rumfata, kuma Inna za ta san wanda ta yi wa baki. In na yi shiru, za ta ci gaba da wannan tafiya da jarka a ka. Jiya ma sun aiko, wai yanzu hoton asibiti suke so.

Jama'a, me zan yi?