Tuffa Ba Ta Son Zafin Nima

Zuwa ga Suweiba, sanyin idona, inuwata idan ranar Nima ta take tsaka, ruwan randata bayan dogon azumi,

Ina rubuto miki ne daga unguwar Nima ta Accra, a kan teburin da nake sayar da tuffa. Motocin haya na trotro na wucewa, masu saye na tsaye, ni kuwa hankalina yana unguwar Maamobi, a ƙofar gidanku.

Kin tuna ranar da kika fara zuwa neman koriyar tuffa saboda Kakarki, da likita ya ce ta rage zaƙi? Na dinga zuba miki ilimi: a ci da ɓawo, tana gyara ciki, tana taimakon zuciya, kuma gefen da rana ta fi duka shi ke yin ja. Kika bari na gama tsaf, sannan kika tambaye ni ko na taɓa ganin bishiyarta. Ina fa! A kwali take zuwa mini, kamar sabulu. Kika yi dariya har mayafinki ya zame, tun daga nan hankalina bai dawo gida ba.

Don in fita kunyarki na tara ƙwayoyin cikinta. Aka ce sai sun sha sanyi suke tsirowa, na naɗe su a tsumma na ɓoye a firjin Moro mai ruwan leda, har ya zaci asiri aka yi masa. Da na shuka su, suka tsiro a gwangwanin madara. Na yi musu rumfa, ina ba su ruwa kafin in sha. Zafin Accra ya ƙone su ina kallo.

Yanzu yayanki ya aiko miki da takardun tafiya Italiya, inda aka ce tuffa na zuba ƙasa ba mai ɗauka. Ni an hana ni biza. Da me zan riƙe ki, hasken raina? Da tebur da laima? In ce kada ki tafi, alhali da aikinki za a sayi maganin Kaka? Bakina ba zai iya ba, zuciyata kuma ta ƙi haƙura.

Jiya kawunki ya tsaya nan, ya roƙe ni in taya ku ɗaukar kaya zuwa filin jirgi ranar Asabar, tunda ni yaron kirki ne a unguwa. Bai san komai tsakaninmu ba. Na ce to. Da hannuna zan ɗora akwatinki a sikeli, Suweiba. In kin ga ban ɗago kai ba, kada ki ce na daina sonki. A gaban kawu ne ba ni da ikon yin kuka.

Naki, komai daɗewarki, babu wata bayanki,
Waris